Shaddar Goggo Hadiyya a Faifan Amirka

Shagona a kasuwar Wadata ta Yamai bai fi akurkin kaji girma ba, amma duk abin da ke da waya a gindinsa za ka same shi a ciki: telekomandi na canza tasha, caja, kabul iri-iri, bafil masu fitar da murya, da tsofaffin lekter uku na faifan DVD da na shekara shida ina jiran wanda Allah zai aiko ya saya. Ran Laraba da hantsi ina zaune ina korar ƙuda, sai ga kabu-kabu ya tsaya ya sauke taubashiyata Balkissa, ɗiyar marigayiya Goggo Hadiyya, ƙanwar babana, Allah ya jiƙanta. Balkissa metires ce, tana koyar da yara a wata lakwal a unguwar Talladjé, shi ya sa take yi wa kowa magana kamar ya zo aji bai wanke fuska ba. Ran Asabar za a ɗaura auren ƙanwarta Iklima, ita ce kuma za ta tsaya a matsayin uwa. Ta shigo rungume da jaka kamar ƙwai ne a ciki.

"Gajiya da sauƙi, ɗan kawu, sai dai warin wagga hula taka da ya tarbe ni tun daga bakin titin gudron."

"Marhabin da matata ta farko. Kin gaji da mutumin naki kin dawo gida ke nan?"

"Ko maza sun ƙare a Yamai, gara in auri turmi. Nassirou, shekara nawa hular nan a kanka? Ko launi ba ta da shi yanzu. In ta faɗi ƙasa ba mai ganinta."

"Ni na ƙi ki, kowa ya sani. An kawo mini ke, na ga yadda kike cin dambu hannu biyu, na ce a kai kasuwa."

"Allah ya yi mini gyaɗar dogo. Matsa in zauna. Yau ba faɗa ya kawo ni ba. Kana da abin da ke karanta wanga?"

Ta buɗe jaka ta fito da wani abu naɗe cikin kallabi, ta warware. Faifai ne, an rubuta a bisansa da baƙin alƙalami: Auren Balkissa, 2007. Nan take na gane rubutun Baffa Isaka, ƙanen babana da ke Amirka. Shekarar ya zo da kamera ya cika mu da "ku yi murmushi", ya koma can ya zuba bikin a faifai ya aiko. Kakarmu Hajjo ta karɓa, ta ga yana ƙyalli, ta kai shi Tahoua ta binne a ƙasan akwati tare da zinarinta. Sai makon jiya aka tono shi.

"Mi za ki gani a ciki?" na ce. "Ranar da kika yi asarar miji irina?"

"Shaddar Inna nake son gani. Ran Asabar ina son in tsaya wa Iklima da irin launin da Inna ta tsaya mini da shi."

"Ba ke aka aurar ba? Ina idonki ranar?"

"Ina lulluɓe ina kuka, wa na gani?"

"Kukan rabuwa da ni."

"Kukan murna ba kai ba ne. Ka saurara. Hotuna ruwa ya cinye su shekarar ambaliya. Shaddar an yi sadaka da ita bayan arba'in. Na tambayi Hajjo ta ce shuɗiya ce, matar Kawu ta ce ruwan goro, Baba ya ce shi dai ya san ta sa kaya. Tela Huzaifa kuma ya rantse in aka kira azahar ban kai masa shadda ba, ko uwarsa ce ba zai karɓi ɗinki ba, aiki ya yi masa yawa."

"Ai da kin kira ni a waya kin huta da kuɗin kabu-kabu. Koriya ce. Kore shar, kamar kopton zogale."

"Shuɗiya ce. Zuciyata ta ba ni."

"Zuciyar da ta zaɓa miki wancan mijin?"

"Kunna abin nan kafin in kunna ka."

Na sauko da lekter ɗaya daga bisa kanta, na busa, ƙura ta tashi har maƙwabcina mai agogo ya yi atishawa. Na juyo mata da bayansa don ta san wurin wa ta zo.

"Kin zo wurin likita, ɗiyar goggo. Mutanen da suka ƙera wanga, in ya gagare su, ni suke kira da asuba. Kin ga dogon ramin nan mai haƙora ashirin da ɗaya? Sunansa peritel. Turawan Faransa sun auna bakinki suka yi shi."

"Ni HDMI na sani. A gidana waya ɗaya ce, ka soka, shi ke nan."

"HDMI ai ke ce. Waya ɗaya mai ɗauke da hoto da murya a tafiya guda, kamar yadda kike ɗauko gulmar Talladjé da ta Yantala a kabu-kabu ɗaya."

"To soka shi."

"Ba shi da ramin."

"Likita ke nan."

"Dattijo ne. An haife shi kafin a haifi HDMI, kuma ba ya son abin yara. Shi mata uku gare shi." Na zaro kabul mai kai uku. "Ruwan ƙwai, uwargida, ita ke ɗaukar hoto. Fara tana kai murya kunnen hagu, ja tana kai wa kunnen dama. Su biyun nan ake ce wa sitereyo. In ɗaya ta yi yaji, ya zama mono."

"Kai kuma ko mono ba ka samu ba, shekara talatin da shida."

"Ina jiran sank-pwan-an. Bafil biyar da babba ɗaya mai gurnani a ƙasa, murya ta kewaye ka ta ko'ina. Babbar mai gurnanin kam na san inda zan same ta, tana zaune bisa kujerata."

Na zura hannu bayan tele ɗin shago na soka wayoyin da lalube, don gwani ba ya dubawa. Lekter ya haɗiye faifai, ya yi ƙugi, ya yi tari. Tele ta tsaya shuɗiya, da rubutu yana yawo a tsakiya.

"Ga shi," in ji Balkissa. "Ta ce ba ta ga komi ba."

"Gaisawa suke. Shekara shida ba su haɗu ba, sai ya tambaye ta gida, da yara, da gajiya."

Ta fizge telekomandi daga hannuna, ta danna inda aka rubuta Source, ta sauko kan AV.

"Tele ƙofofi gare ta, ɗan kawu. Baƙo yana ƙofar AV yana sallama, kai ka tsaya a ƙofar eriya kana jiransa."

"Gwada ki nake."

Hoto ya fito. Tsakar gidan Talladjé ne, da rumfa, da kujerun roba, da mata suna kai da kawowa, amma duk baƙi da fari, ba ko ɗigon launi, ba kuma murya. Kamera ta juya, ta tsaya kan wata mata a bakin ƙofar ɗaki tana ba da umarni da hannu. Goggo Hadiyya. Balkissa ta ɗora hannu a baki. Ni ma shekara tara ke nan rabona da wannan fuska. Sai na yi maza na yi tari na nemi abin faɗa, kuma Allah ya taimake ni, akwai shi.

"Masha Allah, Goggo ta cika tele bango zuwa bango. Ashe gado kika yi."

"Uwata ba ta taɓa yin ƙiba haka ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Siririya ce, ka sani."

"Kamera ba ta ƙarya. Dubi faɗinta. Ƙofar ɗakin ma ta buɗe don ta wuce."

"Dubi akuyar can, ta zama saniya. Dubi tukunya kamar kwalekwale. Tele ɗinka ce ke da aljanu."

Wannan kam na san shi, don na sha gyara wa masu kallon ƙwallo. Na gyara zaman hulata.

"Ba aljanu ba ne, metires, lissafi ne, naku na lakwal. Kamerar Baffa huɗu bisa uku take ɗauka, hoto kusan murabba'i, irin na tele mai ƙusumbi. Wagga kuwa sha shida bisa tara ce, doguwa. In ta samu ƙaramin hoto sai ta kama kunnuwansa ta ja hagu da dama don kada a ce ba ta cika ba. Kamar ki ɗauki zanen Iklima ki ce sai ya zagaye ki."

"Kai da aka kora daga aji shida saboda rabin rabi, yau kai ke koya mini huɗu bisa uku?"

"Ba korata aka yi ba. Na ga metir ya fara tambayata abin da bai sani ba, na ji kunya na bar masa ajin."

Na karɓi telekomandi na danna Format. Baƙaƙen ginshiƙai biyu suka fito gefe da gefe, Goggo ta koma siririyarta, saniya ta koma akuya.

"Ɗaya da ɗaya," na ce. "Ki ce na gode, maigida."

"Na gode, mai hula. Ina launi?"

"Wane launi? A 2007 ba a kawo wa Talladjé kala ba tukuna. Sai 2010 aka fara raba ta, unguwa-unguwa, aka fara da Plateau."

"Nassirou, sha biyu ta wuce."

"To gaskiyar magana, zon ne. Turawa sun raba duniya gida shida. Amirka zon ɗaya, Faransa zon biyu, mu aka jefa mu zon biyar. Faifanki ɗan Amirka ne, ya shigo ba biza. Lekter ya tausaya masa ya bar shi ya wuce, amma ya ƙwace masa kala a duwan, wurin 'yan kwastan."

"Ina littafin da ya zo cikin kwalin?"

"Littafi na waɗanda ba su iya ba ne."

Idonta ya sauka ƙasa. Ƙafar teburina ɗaya gajera ce, shekara shida littafin ke tallafe da ita. Ta ce in ɗaga, na ɗaga, ta zaro shi. Rabin shafukan babu, na naɗe wa mutane pil ɗin tocila da su. Ta lashi yatsa ta fara buɗawa kamar za ta ba ni dikte a aji.

"Saurara, jahili. In zon ne, lekter ba zai nuna komi ba sam, rubutu kawai zai fito ya ce bai yarda ba. Kuma zon na faifan kanti ne, na fim. Wanda mutum ya zuba da kansa a gida ba ruwansa da zon. Bizarka ta faɗi."

"Littafin tsoho ne, an canza doka."

"Ga naka nan. PAL da NTSC. Tele ɗin ƙasarmu PAL suke ji, na Amirka NTSC. In ka ba mai jin PAL hoton NTSC, sai ta gane siffa ta kasa gane launi."

"Kamar Hajjo in ana mata Zabarmanci. Tana ganin baki na motsi, ta ce to, to, ta koma gida da albasa maimakon gishiri."

"Sai na gaya mata. Ka shiga Système couleur. Mi aka sa?"

Na shiga. PAL aka sa, daram. Ni na kafe ta a nan da hannuna tun ranar da na saye ta, don sunan ya fi daɗin faɗa.

"Wani ne ya taɓa," na ce.

"Mai da ita NTSC."

Na mai da ita. Tele ta yi ƙiftawa ɗaya, launi ya zubo kamar an kifar da bokitin fenti. Goggo Hadiyya tana tsaye a bakin ƙofa cikin shadda koriya shar.

Ban san lokacin da na fita waje ba. Na taka rawa daga ƙofar shago zuwa wurin mai nama, na dawo da baya, na zagaye wani mai amalanke sau biyu. Mai agogo ya ajiye aikinsa yana tafa mini, bai san ko mi aka yi ba.

"Kopto! Na faɗa ko ban faɗa ba? Mutanen Wadata ku shaida, metires ta faɗi jarrabawa."

"Dawo ka duba ango," in ji ta daga ciki, ko motsi ba ta yi ba.

Na leƙo. Ango kore ne.

"Tsoro ne. Ya ga abin da ya ɗauko."

"Liman ma kore ne. Shinkafa koriya. Akuya koriya. Sama kuma ta yi ruwan gauta, tsakanin shuɗi da ja. Mi ka yi wa tele ɗin nan?"

Abin da na yi ba laifi ba ne, dabarar kasuwa ce. Duk wani ma'auni da ke cikin tele, haske, kala, kaifi, na ƙure shi zuwa ɗari don ta riƙa kiran masu wucewa. Har da wani da aka rubuta Teinte, wanda bai taɓa yin komi ba. Balkissa ta duba littafi ta ce shi wannan barci yake a PAL, sai an shiga NTSC yake farkawa, shi ke juya launi gaba ɗaya. Ta danna hagu, shaddar Goggo ta bar kore ta nufi shuɗi. Ta ƙara dannawa, ta wuce shuɗi ta zama ruwan gauta, ango ya yi ja kamar an soya shi.

"Tsaya nan baya kaɗan, shuɗiya ce," in ji ta.

"A'a, koma can inda gaskiya take."

"To a ina za a tsaya? Kowane launi nake so sai ta ba ni." Muryarta ta sauka. "Sai mun samu wani abu a cikin hoton da muka san launinsa tabbas, mu daidaita da shi."

Muka bi hoton da ido. Ƙofar gidan an sake mata fenti sau uku. Motar ango an sayar. Kujerun haya ne. Akuyar mun cinye ta ranar. Sai ga wani siririn saurayi ya bayyana kusa da Goggo, wuya kamar na zalɓe, idonsa a kan farantin nama da ake wucewa da shi. A kansa akwai sabuwar hula.

Balkissa ta danna poz. Hoto ya tsaya cak. Ta dubi tele, ta dubi kaina, ta sake duban tele.

"La'ilaha illallahu. Ita ce. Shekara goma sha bakwai, Nassirou?"

"Ƙanwarta ce. Kama suka yi."

"Miƙo ta."

"Ba a cire wa magidanci hula a kasuwa."

Ban rufe baki ba ta fizge. Iska ta bugi tsakiyar kaina, wurin da ko uwata ba ta gani ba tun shekara biyar. Balkissa ta zame daga kujera ta durƙusa tana dariya har da buga ƙasa.

"Ashe filin jirgi kake ɓoyewa. Wayyo cikina. Ɗan kawu, kai ma sha shida bisa tara ne, an ja goshinka har ƙeya."

"Ilimi ne ya cinye gashin. Duba abin da ya kawo ki."

Ta tashi tana share hawaye ta kara hular a jikin tele. Ta cikin hoton tana ƙyalli, ta hannunta kuwa ta koma launin hanyar Wadata. Na ce mata da ruwan hanta ce. Ta danna, ta danna, har hular hoton ta yi ruwan hanta, fuskokin mutane suka dawo na 'yan Adam, shinkafa ta yi fari. Muka matso da kai kusa da shaddar Goggo.

"Shuɗiya," in ji ta.

"Koriya."

"Shuɗiya mai ɗan kore."

"Koriya da ta gaisa da shuɗi a hanya."

Ta ɗauki hoton tele ɗin da wayarta don ta nuna wa mai shadda. A wayar ya fito toka-toka. Ta sake ɗauka, ya fito da ratsi. Ta ƙara dannawa sau ɗaya hagu, launin ya canza, sau ɗaya dama, ya sake canzawa, kuma duka biyun fuskokin mutane lafiya lau suke. Daga masallacin bakin kasuwa muka ji ladan yana hura lasifika yana gwadawa.

Ta ajiye telekomandi ta zauna, hulata a cinyarta.

"Shuɗi iri nawa ne a layin masu shadda, Nassirou? Ya fi ashirin. In na saya ba shi ba, na tsaya gaban mutane ina cewa irin na Inna ne, ƙarya na yi." Ta ja numfashi. "Bar shi. Ka sa mini muryarta kawai in ji, in tafi in sayi duk wanda ya samu."

Ban saba ganin Balkissa ba faɗa a bakinta ba, abin bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

"Murya ai tun ɗazu na haɗa. Wataƙila ranar ba wanda ya yi magana."

Ta leƙa bayan tele, abin da ni ban yi ba.

"Ramuka ja biyu ne a nan. Ɗaya yana layin kore da shuɗi, na hoto ne. Ɗaya yana kusa da fari, an rubuta Audio. Ka soka ja a na hoto. Farar kuma tana lilo, ba ka soka ta ko'ina ba. Matanka biyu duk sun yi yaji."

"Hutu na ba su."

Ta soka ja a wurin ja, fara a wurin fari. Ta mai da faifan baya kaɗan ta sake shi. Kalangu ya fashe a shagon, da guɗa, da ƙarar faranti. Saurayin nan mai wuyan zalɓe ya zo wucewa, wannan karon kansa ba hula. Sai muryar da muka sani ta fito ta bafil biyu, hagu da dama, kamar tana tsaye a tsakaninmu.

"Nassirou, zo nan. Duk samarin gidan nan kai kaɗai ne ba hula, kamar maraya." Goggo ta zaro hula daga ƙarƙashin mayafi ta kafa masa, ta daidaita da hannu biyu. "Na sa tela ya ɗinka maka. Shafin cikin ragowar shaddar nan tawa ce, ka ga mun yi anko ni da kai. Ka riƙe ta da kyau. Kuma yau ɗaya ka ƙyale Balkissa, amarya ce."

Saurayin ya ce, "To, Goggo," idonsa na bin farantin nama.

Balkissa ta danna poz. A hankali ta kifa hular da ke cinyarta. Shafin cikin baƙi ƙirin ne, gumin shekara goma sha bakwai.

"Inna ce ta ba ka."

"Ita ce."

"Shi ya sa ba ka canza ba. Ni kuma kullum ina zaginta."

"Sanƙon ma ya taimaka."

"Kuma ba ka taɓa sanin shaddarta ce a ciki ba?"

"Kin ga farantin nan? Ke ma da kina wurin ba za ki ji komi ba."

Ta bi bakin hular da yatsa, inda tela ya naɗe shafin ya danne da ɗinki.

"Ba ni reza."

"Balkissa, duk abin da na mallaka na Goggo ke nan."

"Ɗinki huɗu kawai zan farke. Huzaifa zai mayar. In ka ce a'a, na bari."

Yadda ta faɗa ba wasa a ciki, kuma na san da na ce a'a da ta bari. Na buɗe aljihun tebur na ɗauko sabuwar reza, na ɓare takardar na miƙa mata, na juya baya kamar ana yi wa ɗana kaciya. Na ji zare yana tsinkewa, ɗaya, biyu, uku, huɗu.

"Juyo."

A cikin naɗin, inda rana da gumi ba su taɓa shiga ba, ga ɗan yanki kamar faɗin yatsa, sabo fil, har ƙyallin shadda bai tafi ba. Launi ne mai zurfi, irin na wuyan agwagwa in rana ta doke shi. Ta kara shi a tele. Na danna sau ɗaya dama, shaddar Goggo da ta hannun Balkissa suka zama abu guda.

"Na san shi," in ji ta, tana dariya hawaye na zuba. "Akwai shi a layin masu shadda, shago na uku. Jiya na taɓa shi na wuce. Shuɗi ne."

"Kore ne."

"Shuɗi mai duhu."

"Je ki tambayi agwagwa."

Ladan ya ɗaga murya. Ta zabura ta cusa faifai a jaka, ta tsaya da hulata a hannu tana dubana.

"Tafi da ita," na ce. "Mai shadda ya gani da idonsa, kada ya ba ki ruwan goro. Ɗauki lekter ɗin ma da matansa uku, gudummawata ce ga Iklima, ita ma ta ji muryar. Ki ce mata huɗu bisa uku, NTSC, ja kusa da fari."

"Kai ne yau ke kyauta? Lalle Inna ta yi magana."

"Shi ne na farko da ya fita shagon nan cikin shekara shida. Ko kyauta ce, ciniki ya buɗe."

Ta rungumi lekter ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo ta dubi kaina da ke ƙyalli, ta dubi mai agogo da ya leƙo yana shirin kiran jama'a. Ta ajiye kayan, ta ɗauko kallabin da ta naɗo faifan a ciki, mai furanni ja da ruwan ƙwai, ta ɗaura mini shi tsaf, har da ƙulli a gefe.

"Riƙe wanga kafin in dawo. Na yarda, ɗan kawu, akwai kore a ciki. Kaɗan. Hular kuma ba zan ƙara zaginta ba."

"Har abada?"

"Inna ta ce yau ɗaya."

Ta fita da gudu tana kiran Huzaifa a waya tana cewa ya tsaya, alwala ma ai tana ɗaukar lokaci. Ni kuma na zauna da kallabi a kai har la'asar, na sayar da telekomandi huɗu, duk wanda ya shigo sai ya ce mini sannu Hajiya.